Furen ƙararrawa daga Koriya: zai rayu a Sakkwato kuwa?

Maman Ihsan: Assalamu alaikum 'yan uwa masu lambun gida. Shawara nake nema. Ƙanena da ke karatu a Koriya ta Kudu ya zo hutu a watan Maris, ya yi mini tsarabar irin fulawa ƙulli biyu. A jikin takardar akwai hoton furen, yana rataye kansa ƙasa kamar ƙaramar ƙararrawa, fari mai ɗan ratsin ruwan hoda, cikinsa kuma duk ɗigo-ɗigon ja kamar an yayyafa masa zoɓo. Rubutun duk da yarensu ne, abin da na iya karantawa kawai shi ne Campanula punctata. Ya ce mini a can sau ɗaya ake shukawa, duk shekara ya sake fitowa da kansa. Farkon Afrilu na gyara wuri a gindin katangar gidanmu nan Runjin Sambo, na tona rami kamar na kuɓewa, na zuba ƙulli ɗaya na rufe, safe da yamma ina ban ruwa har wata guda. Ko ɗaya bai fito ba. Yanzu ga damina ta kusa ƙarewa, saura ƙulli ɗaya a hannuna, ina tsoron in sake yin asararsa. Wa ya san kan wannan abin?

Hajiya Inno: Wa alaikumus salam. Maman Ihsan turo mana hoton takardar mu gani mana.

Maman Ihsan: Ga shi nan na tura Hajiya.

Hajiya Inno: Tubarkalla! Kai, wannan in ya yi ki sa ni a layi.

Kawu Shehu: Ni fulawar da na sani ita ce wadda ake fanke da burodi da ita. Wagga da ba a ci, mi za a yi da ita?

Hajiya Inno: Kawu ya fara. Don Allah a bar yarinya ta ji da abin da ya dame ta tukuna.

Baba Garba mai lambu: Ɗiyata, kafin a tahi nesa, zuba ƙwayar irin a tafin hannunki ki gaya mini girmanta. Ta kai ta kuɓewa?

Maman Ihsan: Ina fa Baba. Ko ta alayyafo ta fi ta girma. Kamar ƙura take, in na yi numfashi da ƙarfi sai ta tashi.

Baba Garba mai lambu: To ai ke kinka kashe abinki. Irin da ya kai haka ƙanƙanta ba a yi mai kabari. Mu nan fadamar Kwalkwalawa ko latas da karas ba mu tona musu rami, gauraya su muke da rairayi mai laushi mu watsa bisa fangali, mu ɗan daddanna da tafin hannu, shi ke nan. Ƙwayar da ba ta kai kan allura ba, ɗan abincin da Allah ya aje mata ciki bai isa ta huda ƙasa mai zurfin yatsa ba. Ta tsira can ƙasa ta mutu ba ki gani ba. Balle kuma cikin Afrilu, lokacin da ko jaki neman inuwa shike yi.

Malam Nasiru: Baba Garba ya faɗi rabin maganar, kuma daidai ya faɗa. Irin wannan tsiro yana son haske kafin ya fashe, shi ya sa ake barinsa a saman ƙasa ba a rufewa. Yana kuma son yanayi mai ɗan sanyi, wajen digiri 15 zuwa 21 a ma'aunin Salshiyas, kuma yakan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin ya leƙo. A Afrilun Sakkwato iska kanta ta wuce digiri 40 da rana, ƙasar gindin katanga kuwa ta fi haka nesa ba kusa ba, don bulo yana shan rana yini guda ya dinga amayar da zafin har dare.

Amma ragowar rabin shi ne mai wuya, kuma gara ki ji shi tun yanzu. Wannan tsiro ɗan asalin Japan ne da Koriya da arewa maso gabashin Sin da gabashin Saiberiya. Sunan nan Campanula da Latin yana nufin ƙaramar ƙararrawa, punctata kuma mai ɗigo-ɗigo. Tsayinsa daga santimita 30 ne zuwa abin da bai cika wuce mita ɗaya ba, furen kansa wajen santimita 5. Abin da ƙaninki ya gaya miki gaskiya ne, yana dawowa duk shekara. Yadda yake yi shi ne, yana da saiwa mai rarrafe a ƙarƙashin ƙasa, irin ta kiri-kiri. Idan sanyi ya shigo can, ganye da kara su bushe, saiwar ta kwanta barci watanni a cikin ƙasa mai ƙanƙara. A Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, matsakaicin yanayin Janairu ƙasa da sifili yake. Idan ɗumi ya dawo sai ta farka ta yi toho, ta yi fure wajen Yuni zuwa Yuli. Wato rayuwarsa gaba ɗaya a kan wannan barcin sanyi aka gina ta. Mu kuwa daren da muke kuka da sanyi muna hura wuta a Janairu, ma'auni wajen 15 yake nunawa. Abin da mu muke kira hunturu, shi a wurinsa lokacin tashi aiki ne.

Maman Ihsan: Malam wato in haƙura ke nan?

Malam Nasiru: Ban ce ki haƙura da shukawa ba. Na ce ki cire rai da cewa zai zama na dindindin a tsakar gidanki yadda yake a can. Tsirowa zai iya yi cikin hunturu. Tsallake Maris da Afrilu da Mayu shi ne gwajin farko. Fure kuma wani zance ne daban, don wanda aka shuka daga ƙwaya yawanci sai shekara ta biyu yake fure.

Sadiya Mabera: Shekara ta biyu? Tab. Ni da ko tumatir in ya kai wata uku bai nuna ba haushi yake ba ni.

Kawu Shehu: Kun ji ko? Malam da kanshi ya ce sai shekara biyu, shi ma in Allah ya so. Yanzu don Allah a yi mini lissafi. Mu nan Gidan Igwai famfo sai mu yi sati ba mu ga ɗigo ba, mai kura muke jira, jarka kuma kullum ƙara mata kuɗi ake. A ɗauki ruwan da aka saya da gumi a zuba ma haki har shekara biyu don a kalle shi kwana goma? Wurin nan da ta gyara, da zogale ta sa, da yanzu ta yi kwaɗo ya fi sau ashirin. Da rama ce da tuni an ci an manta. Mu da munka taso, abin da ake shukawa bayan ɗaki shi ne lalle da kuɓewa da kabushi da dalo. Kowane da aikinshi.

Hajiya Inno: Kawu, lallen da ka ambata, tsakani da Allah ba ka taɓa tsayawa ka shaƙi ƙamshin furensa da magariba ba?

Kawu Shehu: Na shaƙa. Amma ba don ƙamshi anka shuka shi ba, ƙamshin gyara ne.

Ustaz Bello: Kawu a yi mana afuwa in ɗan sa baki. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Musulmin da ya dasa ko ya shuka wani abu, tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci daga gare shi, sadaka ce a gare shi. Sannan a Suratun Namli aya ta 60 Allah ya ambaci lambuna masu ƙayatarwa cikin abubuwan da yake fitarwa da ruwan sama. Ashe ƙayatarwar ma ni'ima ce da aka ambata da sunanta.

Kawu Shehu: Allah gafarta Malam, ai hadisin "ci" ya ce. Wa zai ci wannan?

Ustaz Bello: Zuma za ta sha, Kawu.

Maman Ihsan: Na tambayi ƙanen nawa yanzu, ya ce a can ma ana tsinkar ganyensa tun yana ɗanye a dafa a yi kwaɗonsa irin nasu. Sunansa a wurinsu furen fitila, saboda ya yi kama da fitilar da suke ratayewa.

Kawu Shehu: To yanzu kika yi magana. In ya yi, a ɗibar mini ganyen in gwada da ƙuli.

Malam Nasiru: A Japan kuma sunan da suke kiransa yana nufin jakar maƙesu, ƙwaron nan mai walƙiya da dare. Ana cewa yara ne ke kama shi su jefa cikin furen, sai ƙararrawar ta dinga haske daga ciki. Lokacin furen da lokacin fitowar ƙwaron duk ɗaya ne a can, farkon daminarsu.

Sadiya Mabera: Wayyo, wannan ya burge ni. Mu a kwalba muke tara su muna yara a ƙauye.

Anti Rabi daga Jos: Salamu alaikum mutanen gida, sai yanzu na buɗe waya. Maman Ihsan ni haifaffiyar Kanwuri ce, aure ya kawo ni Jos shekara goma sha. Bari in gaya miki abin da na koya da kuɗina. Duk lokacin da zan zo gida sai na cika bayan mota da tukwanen fulawa in kai wa Inna. A nan suna shar kamar a hoto. In na sauke su a Sakkwato, sati biyu sun fara sunkuyar da kai, wata guda sai tukunya. Na yi haka ya fi sau biyar kafin na gane ba hannun Inna ne ba shi da albarka ba. Jos tana kan tudu ne, wajen mita 1,200 sama da teku, Sakkwato wajen 300. Shi ya sa ake noman dankalin turawa da sitiroberi a nan. Shawarata ki raba ƙullin biyu, ki aiko mini rabi ta hannun direba, in gwada a nan. In nawa ya kama ya yi saiwa, kin ga kina da ajiya. Duk sanda naki ya mutu sai in ɓalle miki wani in aiko, tunda Malam ya ce saiwar rarrafe take.

Malam Nasiru: Wannan dabara ce mai kyau Anti Rabi. Da akwai wani namu a Gembu kan tsaunin Mambila ma da ya fi, can ya fi Jos tudu da sanyi. Amma ki sa shi a tukunya ko bokiti, kada ki sake shi a fili. A ƙasashen da ya samu yadda yake so, kukan da masu lambu ke yi da shi shi ne mamaye wuri. Saiwar na bi ta ƙarƙashi ta ɓullo a tsakiyar wasu shuke-shuken, in ka cire ka bar guntu ya sake fitowa.

Baba Garba mai lambu: Kamar jiji ke nan. Allah raba mu da jiji a fangalin albasa.

Aminu Injiniya: Ni fa ban ga abin wahala a nan ba. Sanyi yake so? A ba shi sanyi. In ya yi girma a ɗauki tukunyar a sa a firij wata biyu, a fito da ita. An gama.

Sadiya Mabera: Firij ɗin da wace wuta? Ni nawa tun bazara ya koma kabad ɗin ajiye kwanoni.

Aminu Injiniya: Akwai sola ai.

Hajiya Inno: Aminu, ka je ka gaya wa Baban Ihsan a fitar da naman miya da kunun ayar yara a sa tukunyar ƙasa wata biyu, mu ji amsar da zai ba ka.

Malam Nasiru: Dariya kuke, amma abin da Aminu ya faɗa masu sana'ar fulawa a Turai da Amurka suna yin irinsa, suna ajiye tsirrai makonni a ɗakin sanyi mai wajen digiri 5 don su yi fure lokacin da kasuwa ke so. Sai dai ko an warware sanyi akwai tsawon yini. Da yawa daga dangin wannan tsiro ba sa fure sai yini ya yi tsawo. A Seoul da Tokyo yinin watan Yuni ya wuce awa 14. Mu muna kusa da tsakiyar duniya, Sakkwato tana kan digiri 13 ne arewa, yininmu mafi tsawo bai kai awa 13 ba.

Aminu Injiniya: Wannan ai ƙwan fitila ɗaya ya magance shi. A kunna masa daga magariba zuwa bayan isha'i.

Kawu Shehu: Firij, sola, ƙwan lantarki. Saura a ɗaukar mai mai gadi da mai aiki. Ko amarya ba a yi wa wannan hidima.

Maman Ihsan: Kawu ka sa ni dariya har Ihsan na tambaya lafiya. Ni dai firij ba zai yiwu ba. Baba Garba, in kai ne da wannan ƙulli a hannunka, me za ka yi?

Baba Garba mai lambu: Ni ban san hakin ga ba, yau na fara ganin hotonshi. Amma na san rainon iri mai taurin kai, shekara talatin ina yi. Ki aje ƙullin cikin kwalba mai murfi, wuri mai sanyi, kusa da randa amma kada ruwa ya taɓa shi. Ki jira sai iskar hunturu ta fara, ƙarshen Nuwamba, lokacin da kinka fara neman mayafi da asuba. Sannan ki samu kasko mai faɗi wanda aka huda ƙasanshi. Ki haɗa rairayin gulbi da baƙar ƙasar fadama da takin awaki wanda ya kwana shekara ya ruɓe ya koma kamar gari. Kada ki sa sabon taki, ƙone shi zai yi, ga gara. Ki tankaɗe da rariya kamar za ki yi tuwo. Ki jiƙa ƙasar tukuna, sannan ki gauraya irin da rairayi cikin cokali ki barbaɗa bisa.

Ban ruwa kuma shi ne inda mata ke ɓata aiki. Kada ki kwarara da buta, irin zai bi ruwa ya taru gefe guda ko ya nutse. Ki aje kaskon cikin faranti mai ruwa ya sha ta ƙasa, ko ki tsoma tsintsiyar laushi ki yarfa mai kamar mai yayyafa ma ɗaki kafin shara. Iskar hunturu tana busar da saman ƙasa cikin awa guda, don haka ki rufe bakin kaskon da farar leda mai 'yan huji har ya tsira. In ya tsira ki cire ledar ki rufa tsohon gidan sauro, don ƙadangare ba shi da kunya, cikin rani duk abin da ya gani kore nashi ne.

Maman Ihsan: Baba Allah ya saka da alheri, na kwafe duka. Rana fa?

Baba Garba mai lambu: Ta hantsi kawai. Gabas ga ɗaki, inda inuwa ke rufewa kafin sha ɗaya. Ko ƙarƙashin dogon yaro.

Malam Nasiru: Daidai ne. Ko a can ƙasarsu a gefen daji da gangaren tsauni yake fitowa, inda rana da inuwa ke karɓa-karɓa, ƙasa na da laima amma ruwa ba ya kwanciya. Abin da zan ƙara, idan zafi ya shigo saiwa ce ke fara dahuwa, musamman a baƙar roba. Kun tuna tukunya cikin tukunya ta Mohammed Bah Abba, malamin nan na Jigawa da ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000? Ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ruwan na tsatsafowa yana bushewa yana jan zafi, kayan miya su kwana biyu ba su lalace ba. Ki yi wa tsiron haka. Busasshiyar iskarmu ta Maris da Afrilu ita ce ma ta fi dacewa da wannan dabara. Ba zai kai sanyin firij ba ko kusa, amma zai rage wa saiwar azaba.

Aminu Injiniya: Na yarda, wannan ya fi nawa arha.

Kawu Shehu: Ƙarin ruwa dai ke nan. Yashin ma sai an ba shi nashi.

Hajiya Inno: Kawu ruwan alwala da na wankin shinkafa da ake zubarwa a rariya kullum ya ishi tukunya biyar. Ni da shi nake riƙe da kariyata. Af, Maman Ihsan, tunda abin da kike so shi ne wanda za a shuka sau ɗaya ya yi ta fure, me ya hana ki kariya? Tawa ta shekara takwas a bakin ƙofa. Cikin tsakiyar rani, ba ganye ko ɗaya a jikinta, sai ta cika da fure ja da fari kamar an yi mata kwalliyar sallah. Sai in yi sati ban ba ta ruwa ba. Reshe kawai za ki yanka ki bari ya sha iska kwana uku ki soka a ƙasa. Ki dai kula da yara, ruwan jikinta guba ne.

Sadiya Mabera: Akwai kuma mai rawayan fure kamar ƙararrawa da ake sawa a bakin ofisoshi, shi ma ba ya jin rani.

Malam Nasiru: Iri biyu ne masu rawayan nan Sadiya. In mai siririn ganye ne mai farin ruwa kamar madara, 'ya'yansa guba ne mai kisa, bai dace da gidan da ke da ƙananan yara ko awaki ba.

Dan Asabe: Ku shuka zaƙami mana, ai shi ma furensa ƙatuwar ƙararrawa ce.

Hajiya Inno: Dan Asabe kul. In ka sake sai na cire ka daga zauren nan.

Maman Ihsan: Hajiya ina da kariya guda biyu, ina son su. Amma wannan daban ne. Yaron nan kuɗin abincinsa ya rage ya saya mini, ya ɗauko shi tun daga can cikin aljihun rigarsa saboda ya san ni da son shuka tun muna gida. Ko ganye huɗu ya yi in ɗauki hoto in tura masa, ni ya biya ni.

Kawu Shehu: To ai da haka kinka ce tun farko. Tsarabar ɗan uwa ba a sa ta a sikeli. Na janye rabin maganata.

Baba Garba mai lambu: Tun ɗazu nike ta kallon hoton ga, ina cewa ina na san fuskar nan. Ɗiyata, kin taɓa duƙawa kin kalli furen yoɗo?

Maman Ihsan: Karkashi Baba? Ni dai a ƙulle nake sayensa a kasuwa, garinsa kawai na sani.

Baba Garba mai lambu: To gobe da hantsi ki fita bayan gari, hanyar Kware ko ta Wamakko, duk inda anka bar gona ba noma. Yanzu lokacinshi ne. Furen yana rataye kai ƙasa hakanga, ruwan hoda mai haske, in kinka ɗaga shi kinka leƙa ciki za ki ga zane-zane masu duhu a maƙogwaronshi. Na riɗi ma haka yake, sai dai ya fi fari. Mu muna taka shi da ƙafa kullum.

Malam Nasiru: Wallahi Baba ka gama da ni. Ba dangi ɗaya ba ne da na Koriyan, shi karkashi ɗan uwan riɗi ne, amma kamar tana nan. Shi dai shekara ɗaya yake yi ya mutu, sai dai yana zubar da 'ya'ya, damina na sauka gyauro ya fito.

Kawu Shehu: Allahu akbar. Ga wanda ake kallo kuma a kaɗa miya da shi a ci da tuwon gero. Na dawo da rabin maganar da na janye.

Maman Ihsan: Na fita yau da safe da Ihsan wajen Kwalkwalawa. Ga hoton. Shekarata talatin da huɗu ina shan miyar nan ban taɓa sanin haka furenta yake ba. Wata tsohuwa da ke tsinka ta tsaya tana kallona ina ɗaukar hoton haki, ta ce ko lafiya. Ta ce in dawo bayan sati uku 'ya'yan sun bushe ta tara mini. Na Koriyan kuma na raba biyu, Anti Rabi turo mini lambar direban ta akwatin sirri.

Anti Rabi daga Jos: Na tura. Ki naɗe shi a takarda kafin leda, kada ya yi gumi a hanya.

Maman Ihsan: Salamu alaikum, na dawo da labari bayan wata huɗu. Na shuka ranar 28 ga Nuwamba yadda Baba Garba ya ce. Har kwana goma sha takwas ba komai, na fara cewa an kuma. Ran na sha tara da asuba na haska fitilar waya na ga wasu kore-kore guda bakwai, kowane bai kai ƙwayar gero ba. Akwai ranar da iska ta yaye gidan sauron ina makaranta, kafin in dawo ƙadangare ya yi karin kumallo da uku. Saura huɗu. Yanzu kowane na da ganye biyar zuwa shida, masu siffar zuciya da ɗan zarto a gefe, in ka shafa akwai gashi-gashi. Ga hoto.

Hajiya Inno: Ma sha Allah! Ina nan a layina.

Anti Rabi daga Jos: Nawa goma sha ɗaya ne suka fito, amma dodon koɗi ya dame ni, da dare nake fita da tocila ina tsince su.

Kawu Shehu: Ganye shida sau huɗu, ashirin da huɗu. Bai kai kwaɗo ba tukuna. Yoɗon fa?

Maman Ihsan: Yana cikin kwalba Kawu, sai ruwan farko.

Baba Garba mai lambu: Kada ki bari su cunkushe. Cikin satin ga ki raba su kowane da tukunyarshi, da yamma bayan la'asar, ki ɗebo da ƙasar gindinshi da cokali kada saiwa ta ga iska. Manyan tukwanen kuma ki saye su tun yanzu ki jiƙa yashin, kada ki jira sai Maris ta kama ki. In kin zo fadama ki tambayi rumfata, akwai tsohon buhun albasa da zan ba ki ki yi musu inuwa.